Inda Ta Aje Numfashinta

Mushe Agali ya maido mani kayena
ja wur, kamar a kansa aka yanka zakaran suna.
Ya ce: "Sahabi, jimlarka ta taso daga Wadata,
ta ratsa kasuwa, ta wuce tasha,
har yanzu ba ta sha ruwa ba.
Wa ke binka?"

Aji ya yi dariya. Ni ma na yi, don kar a gane.

Layi goma sha bakwai, aya ɗaya tak,
ita ma can gindin shafi,
inda takarda ta gaji, ba ni ba.
"Sai" na bin "sai" kamar jakunan masu albasa,
"kuma" na goye da "kuma".

Daren nan na yi zuciya.
Na zuba waƙafi kamar mai shukar gero,
taku ɗaya, rami ɗaya,
bayan kowace kalma, tana so, ba ta so.
Na ɗiga ruwa biyu inda babu mai ƙishi.
Waƙafi mai ruwa ne kawai na kauce wa,
shi da bai zauna ba, bai tafi ba,
baƙon da ya sa takalmi yana ta ban kwana.

Mushe ya duba, ya tuɓe tabarau.
"Jiya gudu, yau shaƙuwa."
Shida bisa ashirin.

Ran Lahadi Kaka Tabawa ta kira ni gindin bedi.
Ba ta yarda da salula ba,
ta ce maganar da ba a ninke ba iska ce.
Wasiƙa take so zuwa Abijan,
wurin Kawu Idi, damina huɗu ke nan.
Ƙwarya a cinya, tana tsinkar zogala.

"Rubuta. Ina gaishe ka."
Ta yi shiru, ta yar da tsinke.
"Rago ya girma, katanga ta faɗi, Zali ta haihu,"
kowane da ɗan hutunsa,
tsawon faɗuwar ganye cikin ƙwarya.
Bik na gudu, ni ina binsa.

Da na gama na karanta mata:
"Kada ka zauna gida, ana jiranka."

Hannunta ya tsaya.
"Wane gida? Shi da ke kwana cikin shagon mutane?
Kora kake son in yi masa?
Cewa na yi kada ka zauna,"
ta haɗiye wani abu,
"gida ana jiranka.
Maida mani numfashina inda na aje shi."

Matar da ba ta taɓa taka lakwal ba.

Na goge ɗan ƙugiyar nan da yawu,
na ja shi baya, kalma guda kacal,
sai ga hanya ta juyo, ta fuskanci Tawa.
Abu bai kai ƙwayar riɗi ba.

Layin ƙarshe ta faɗe shi tana kallon ƙofa:
"Ko ka manta hanya"
Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba.
Na ce, "Kaka, tambaya ce ko faɗa?
Kowace da alamarta."
Ta daɗe tana juya ganye.
"Sa wadda ba za ta ba shi kunya ba."

Mushe bai koya mana wannan ba.
Na ɗiga uku a jere, na ninke.

Yanzu kafin in miƙa kaye
nakan laɓe bayan aji in karanta da ƙarfi.
Inda ƙirji ya nemi hutu, in ba shi.
Inda magana ta ƙare, in ƙyale ta,
ko da shafi na da sauran fili.
Na sallami "kuma" goma sha ɗaya jiya,
babu wanda ya tambaye su.

Tara bisa ashirin.
A gefe, da jan bik: "Ka fara jin kanka."

Baƙon nan mai takalmi dai yana nan bakin ƙofa;
yau na ba shi tabarma, mu gani.